Gwangwanin Bahaguwa

Abu ɗaya matarsa ta roƙe shi tun da aka yi rasuwar, kuma ba wani babban abu ba ne. Ran da ya ce zai koma shago ne. Yana tsaye a ƙofar kicin yana laluben makulli a aljihu, ita kuma tana zaune a 'yar kujera tana tankaɗe gari da tsohuwar rariyarta ta waya, wadda ta sha faci da ƙyalle a gefe guda.

"In ka je, ka kawo mini wani abu da hannunta ya yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"To."

"Ko mene ne. Ba sai mai kyau ba."

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa, kunnensa lafiya lau. Sai dai tun da suka binne 'yarsu, duk maganar da aka yi masa tana iso shi ne kamar daga ɗakin maƙwabta. Yana cin abinci, bai san ko da gishiri ko babu ba. Masu ta'aziyya suka yi ta yabonsa, wai Maƙeri akwai dauriya, ko hawaye bai zubar ba. Shi dai ya san ba dauriya ba ce. Ya duba cikinsa ya sake dubawa, bai sami komai ba, ba baƙin ciki, ba fushi, sai wani irin shiru. Da za a tsikare shi da allura, yana ganin sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya ce wayyo.

'Yar tasu ita kaɗai Allah ya ba su. Da hagu take komai, shi ya sa tun tana ƙarama ya laƙaba mata Bahaguwa, sunan kuwa ya bi ta har layin shaguna, har bakin masu saye. Shi maƙerin azurfa ne: zobe, munduwa, 'yan kunne, abin wuya. Ba shi ya ce ta koyi sana'ar ba. Ita ce ta naɗe hannun riga ta zauna a teburin da ke jikin taga, ta ƙi tashi, har ta zama cikakkiyar mace a wurin. Kuma da nata ra'ayin ta zo. Shi a wurinsa azurfa sai ta yi sumul, ka hango haƙoranka a jikinta, sannan ta cika azurfa. Ita kuwa cewa take abu sumul ba shi da fuska. Sai ta ɗauki guduma ta yi ta ƙwanƙwasa, ko ta matse azurfar da busasshen ganye, da guntun buhu, da bakin leshi, ta fito da wani irin kaushi da ɗan yatsa ke son shafawa.

"Kin ɓata mini kaya," yakan ce. Kafin ya rufe baki an saye.

Sayen ne ma matsalar. Duk abin da ta ƙera ya tafi hannun mutane, kuma ko waɗannan ɗin sai da ya bi su da nasa hannun, ya gyara baki, ya goge ciki, don ba ya yarda abu ya fita shagonsa bai taɓa ba. Uwarta kuwa ko zobe ba ta samu ba. "Naki na daban ne, Mama, bari hannuna ya ƙara faɗawa," haka ta yi ta lallaɓa ta shekara da shekaru. Zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Saura abu ɗaya da hannunta kaɗai ya taɓa, kuma ya san inda yake. Gwangwanin madara ne a ƙarƙashin teburinta. Duk sanda za ta gwada sabon kaushi, sai ta yanki guntun azurfa kamar faɗin farce ta gwada a kai, in ta gama ta jefa a ciki.

To a shagon maƙerin azurfa ba a zubar da komai. Guntun da almakashi ya bari, garin da zarto ya zubar, zoben da ya ƙi zama, duk tarawa ake yi. Akwai fata rataye a ƙarƙashin tebur tana tare abin da ya faɗo, akwai burushi, akwai gwangwani. In ya taru a bi shi da maganadisu a cire ƙarfe, a juye a kasko a narke, ya dawo sabo fil. Nasa gwangwanin na tumatir ne, kuma wurin zamansa ɗaya, hannun dama, kusa da kaskon narki. Nata ne kaɗai dokar ba ta hau kansa ba.

"Baba, ran da ka taɓa mini gwangwani za mu ɓata," ta sha gaya masa. "Makarantata ce a ciki."

Ya buɗe shagon, ƙofar ta yi kukan da ta saba. Komai yana inda aka bar shi, har kofin shayinta a bakin taga. Injin murza yana kusurwa a lulluɓe da tsumma: rola biyu na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, da hannun juyawa, a tura azurfa tsakaninsu ta fito falle. Ya yaye tsumman ya shafa musu mai, don haka ake yi. Yatsansa ya bi ta kan tabon da ke jikin rolar sama, ya wuce.

Tabon nan ma aikinta ne. Lokacin tana sabuwar shiga ta samo wani guntun ragar waya, ko daga ina oho, ta ɗora a kan azurfa ta tura cikin injin haka nan, ba ta sa fallen tagulla ya kāre rolar ba. Wayar ƙarfe ce, ta ci rolar. Ranar ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, har Tela na shagon gefe ya leƙo yana ba da haƙuri. Tun daga nan duk falle mai faɗi da ya bi ta injin sai ya fito da wani ɗan tambari, ƙananan gidajen raga a jere, bai fi kan babban yatsa ba. Sai ya ɗauki magagari ya share yana mita.

"Ga sa hannunki nan," yakan ce mata.

"Ka bar shi mana, Baba. Ado ne kyauta."

Ko sau ɗaya bai taɓa bari ba.

Tela ya shigo da kofi biyu na shayi. Mutum ne da bakinsa ba ya hutu, ko allura ce a leɓensa sai ya yi magana ta gefe.

"Ka dawo ke nan. Layin nan ya yi shiru har na fara jin ƙarar kekena, ashe gyara yake so."

Maƙeri ya karɓi kofin.

"Ka rame fa. Wandon nan ni na ɗinka shi, na san inda ya kamata ya tsaya. Kawo in rage maka kafin ya ba ka kunya a tsakiyar titi."

"Gobe."

Tela ya kalli teburin taga. Ya shanye shayinsa a tsaye ya koma kan kekensa.

Da yamma Maƙeri ya koma gida hannu wofi. Washegari ma haka, da wadda ta biyo ta. Kada ku ce mantawa yake yi, yana sane sarai. Zai tsaya a gaban teburin, ya ce wa kansa sunkuya ka ɗauka, sai kawai ya ga ya riga ya kulle ƙofa yana kan titi. Matarsa ba ta sake tambaya ba. In ya yi sallama, hannunsa take kallo, ba fuskarsa ba.

"Gobe," yakan ce.

"Allah ya kai mu."

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar jinya ta zo shagon. Tun kafin rasuwar ta ba da aikin munduwa mai faɗi, za ta ba ƙanwarta da za ta yi tafiya. Ta yi ta'aziyya, ta ce ita ba ta zo matsa masa ba, ta dai zo ta ji ne. Ya ce ta dawo jibi. Bai san dalilin da ya sa ya ce jibi ba, bakinsa ne ya saba.

Da safe, yana laluben makulli a ƙofar kicin kamar kullum, matarsa ta ajiye wuƙar da take yankan albasa.

"Baban Bahaguwa, in ba za ka iya ba, ba ni makullin in je da kaina."

"Yau zan kawo."

"Ka san inda yake?"

"Na sani."

Yana shiga shagon, kafin ya cire hula, ya sunkuya ya jawo gwangwanin. Ya buɗe murfin. Suna nan cunkushe: mai jijiyar ganye, mai saƙar buhu, mai ƙananan ramuka na guduma da duk suka karkata gefe guda saboda hagunta, wani ma da alamar haƙori, don takan ciji azurfa in abu ya ƙi mata. Ya tsaya yana jira ya ji wani abu. Abin da ya ji shi ne nauyi. Hannunsa ya ɗaga gwangwanin ya sauke, ya kiyasta abin da ke ciki ba tare da an tambaye shi ba, kamar yadda yake yi wa kayan kowa.

Don kada yamma ta yi ya sake wucewa, ya ce bari ya sa shi inda idonsa zai riƙa gani. Ya kai shi teburinsa ya ajiye inda hannu ya faɗa, wato hannun dama, kusa da kaskon narki, gefen na tumatir.

Sai ya shiga aikin munduwar ma'aikaciyar jinya. Ya kaɗe fatar ƙarƙashin tebur, ya share teburin da burushi, ya juye gwangwanin tumatir a takarda, ya bi da maganadisu, ya zuba a kasko. Tela ya zo ya jingina da ƙofa yana ba shi labarin wani mutum da ya kawo yadi ya ce a ɗinka masa riga daidai jikinsa na shekarar aure, wai zai rage tumbi kafin a gama. Maƙeri yana cewa uhm. Ya leƙa kaskon ya ga ba zai isa munduwa mai faɗi ba. Hannunsa ya tafi dama, ya sami gwangwani, ya juye, ya bi da maganadisu, ya ƙara. Ya barbaɗa farar hodar da ke tsarkake narki, ya kunna wutar gas, ya daidaita harshenta har ya yi shuɗi.

Idonsa na kan kaskon, ai dole, ba a narki ana kallon gefe. Ya ga guntayen sun yi ja, sun fara sunkuyawa. Ya ga wani mai jijiyar ganye ya tsaya a sama, jijiyoyin sun fito raɗau cikin wutar, sannan gefensa ya naɗe, ya nutse. Idon ya gani, kan bai karɓa ba. Abin duk ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya mai rawa da sheƙi. Ya ɗaga kaskon da awartaki ya zuba a mazubi, hannu ko rawa bai yi ba. Zubi mai kyau ne, ko kumfa babu. Ya jira ta kama jikinta, ya tsoma a ruwa ta yi cuu.

Da ya zo mayar da kaya wurinsu ne ya ga gwangwani biyu, duka a buɗe, duka wayam.

Ya ɗauki na madarar ya leƙa. Ya kifa shi a tafin hannu ya bubbuga gindinsa. Ɗan gari ya zubo, irin wanda numfashi ke ɗauka. Ya mayar da garin ciki, ya rufe murfin, ya zauna.

"Lafiya?" in ji Tela.

"Na narke gwangwaninta."

"Wane gwangwani?"

"Wanda uwarta take jira."

Tela ya shigo ciki sosai. Ya kalli sandar azurfar da ke kan tebur, fara, doguwa kamar yatsa, ba ta da wata alama a jiki. Ya kalli Maƙeri, yana jiran ya ga ya fasa wani abu ko ya dafe kai. Maƙeri yana zaune, hannu bisa gwiwa, kamar mai jiran mota.

"Ni ne da surutuna," in ji Tela.

"Ba kai ba ne. Hannuna ne."

A waje wani yana ta fama da babur da ya ƙi tashi.

"Matar mai kantin magani tana da 'yan kunnen da Bahaguwa ta yi. In na roƙe ta za ta bayar," in ji Tela.

"Ni na gama su. Rabin aikin nawa ne. Kuma an sa su, sun zama na mutane."

"To ka yi wasu mana." Tela ya rage murya, ko da yake ba kowa. "Gudumarta ga ta can. Ka yanka guntaye ka bubbuga ka zuba a gwangwanin. Wa zai gaya mata? Ni dai bakina da yawa, amma wannan ba za ta fita ba. Tausayi ne, ba cuta ba."

Maƙeri bai ce a'a ba. Ya tashi ya je teburin taga, ya zauna a kujerarta, wadda ta yi masa ƙasa. Ya ɗauki gudumarta. Ƙotar ta lotsa a inda yatsunta suke zama, nasa ba su sami wuri ba. Ya jawo guntun tagulla ya gwada. Ramukan suka fito tsaf, a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kuma duk sun karkata ta inda nata ba sa karkata. Ya mayar da gudumar hannun hagu. Bugun farko ya zame. Na biyu ya sauka a kan babban yatsansa na dama, da ƙarfi, har Tela ya ja iska ta haƙori.

Ya kalli farcen. Jini ya fara taruwa a ƙarƙashi, yana yin baƙi.

"Sa shi a ruwa," in ji Tela.

"Ba ya zafi."

Ya ajiye gudumar inda ya same ta. Ko da ramukan sun yi daidai ma, ya san ba zai iya miƙa wa matarsa ba. Matar da ke gane wanda ya shigo gida daga yadda ya tura ƙofa, ita za a kai wa wannan? Ya ce wa Tela ya je, ana jiransa a shago. Tela ya fita yana waiwaye.

To me ya rage? Aiki ya rage. Sandar azurfa tana kan tebur, an ce wa mutum jibi. Ya gasa ta ta yi laushi, ya daddake ta a kan maƙera, ya kai ta injin murza. Ya tura, ya juya hannun, ya matse rolar kaɗan, ya sake turawa. In ta yi tauri ya mayar wuta, ya tsoma a ruwa, ya dawo. Ya juya ta ta gicciye don ta yi faɗi, sannan ta tsaye don ta yi tsawo. Bai yi tunanin komai ba. Rana ta tashi daga kan teburin taga ta hau bango.

Fallen ya fito dogo, ya fi abin da munduwa take bukata. Ya kai shi tebur ya kwantar. Tambarin rolar ya fito a jiki kamar kullum, wuri biyu, ɗaya can kusa da baki, ɗaya wajen tsakiya. Hannunsa ya ɗauki magagari. Ya fara da na bakin, ya ja, ya ja, gidajen ragar suka dushe, suka ɓace, wurin ya yi sumul.

"Ga sa hannunki nan," in ji shi, ya juya wajen taga.

Kujerar tana nan, da kofin. Ya daɗe a juye, yana jiran amsar da ya riga ya haddace. Babur ɗin waje ya tashi, ya yi nisa, ƙararsa ta ɓace.

Da ya juyo, magagarin yana bisa ɗaya tambarin, haƙoransa sun kusa taɓawa. Ya ɗaga shi a hankali ya ajiye can nesa, ƙarshen tebur. Ya jawo fallen kusa da ido. Tsawon shekarun nan yana share abin nan, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Gidajen ba su yi daidai ba, wasu sun buɗe wasu sun matse, kuma a gefe guda akwai inda wata waya ta tsinke ta lanƙwashe. Duk ya karkata hagu, yadda ta ɗora shi ranar.

Ya auna, ya yanke ɓangaren da ya share, yadda tambarin zai zauna a tsakiya. Guntun da ya yanke ya jefa a gwangwanin madara, ya yi ƙara shi kaɗai a ciki. Ya gyara bakunan don kada su yanki fata. Ya naɗa fallen a jikin sandar lanƙwasa yana bugawa da gudumar itace, ba da awon ma'aikaciyar jinya ba, da awon hannun matarsa, wanda ya sani tun suna yara. Ya kai hannu ga tsumman gogewa, ya fasa. Ya sa munduwar a aljihu haka nan, da dushin wuta a jikinta.

Ya leƙa wurin Tela.

"In matar nan ta zo gobe, ka ba ta haƙuri. Ka ce mako mai zuwa."

"Me za ka gaya wa ta gida?"

"Abin da ya faru."

Rana ba ta faɗi ba ya isa. Tana kicin, ta ɗora tukunya. Ta kalli hannunsa, ta ga ba komai sai baƙin farce.

"Akwai gwangwanin da take tara gwaje-gwajenta," ya ce daga bakin ƙofa. "Shi kaɗai ya rage. Na ɗauko shi da safe don in kawo miki. Na ajiye kusa da kasko. Na narke su."

"Duka?"

"Duka."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa. Ta juya ta buɗe tukunyar, ta leƙa, ta rufe, alhali ruwan ko zafi bai yi ba. Ta tsaya ta ba shi baya, hannunta a kan murfin.

Ya ciro munduwar ya ajiye a bakin tebur, kusa da kwanon gishiri.

"Azurfar ke nan. Tata da tawa sun haɗu, ba mai iya raba su. Ba ita ta ƙera ba, ni ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tabon da ke tsakiya nata ne."

Ya ba ta labarin rolar a taƙaice, da murya irin ta mai bayyana wa mai saye farashi: ragar waya, ba tagulla, tabo, sharewa. Bai san ko tana ji ba. Can ta goge hannu a zani ta ɗauki munduwar. Ta shafa wurin da babban yatsa. Ta sake shafawa. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, har sai da ya kauce mata.

"Wace irin raga?"

"Ta waya. Ban san inda ta samo ba."

"Yaushe?"

"Shekarar da ta fara zama shago."

Ta miƙa hannu ta sauko da rariyar daga ƙusa. Ta ɗauki wuƙar albasa ta bi ɗinkin facin tana tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙyallen ya faɗi ƙasa. A ƙarƙashinsa rami ne mai kusurwa huɗu, yankakke tsaf. Ta kara munduwar a bakin ramin. Saƙar ɗaya ce, gida da gida.

"Ta ce mini ɓera ne," in ji ta.

Maƙeri ya matso.

"Na ce ɓeran gidan nan da almakashi yake yawo? Ta tsaya kai da fata, wai ita ma ta yi mamaki." Wani ɗan sauti ya fito mata ta hanci, ba dariya ba, ba kuma kuka ba. "Ranar ta dawo daga shago idonta jawur. Na ɗauka ta san abin da ke jiranta ne. Ban bari ta cire takalmi ba na hau ta da faɗa."

"Ranar ce na yi mata nawa."

"Sosai?"

"Sosai."

"Ni ma." Ta sunkuya ta ɗauki ƙyallen, ta ninke shi, ta sake ninkewa. "Rana ɗaya ta sha faɗa biyu, ba ta gaya wa kowa ɗayan ba. Da dare kuma ita ta ɗinka mini facin."

Ta zura munduwar a hannu. Ta shiga daidai, ba matsi ba sako-sako. Ta juya ta yadda tabon zai koma ciki, wajen jijiya. Ta mayar da rariyar kan ƙusa da raminta a buɗe.

Ya tsaya yana kallon ramin. Ta cikinsa ana ganin fentin bango. Sai ya ji wani abu yana bugawa a hannunsa na dama, a hankali da farko, sannan da ƙarfi, har cikin gwiwar hannu. Ya ɗaga yatsan ya duba. Ya kumbura, farcen ya yi baƙi ƙirin.

"Me ya same ka a nan?" ta tambaya.

"Gudumarta."

Ta kama hannun ta juya shi wajen haske, munduwar ta taɓa fatarsa, da sauran ɗumin aljihunsa a jikinta. Ta danna gefen farcen kaɗan.

"Yana zafi?"

Ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya zauna a kan 'yar kujerarta, ba ta saki hannun ba.

"Yana yi," in ji shi.